Fankam-Fankam Ba Shi Ne Kilishi Ba

'Yan'uwa, duk wanda ya saba shiga kasuwa ya san ƙarfin suna. Mace ta kan tsaya gaban mai kanti ta ce a ba ta sabulu mai lamba kaza, ko da akwai wani a gefensa wanda ya fi shi araha. Manomi ya kan duba tambarin da ke jikin buhun taki kafin ya kwance lalitarsa. Ba su buɗe kayan ba, ba su gwada ba, amma sun ba da kuɗinsu hankali kwance, gama sunan ya riga ya yi musu alkawari. A zamanin nan kuwa gyaran suna ya zama sana'a mai zaman kanta. Manyan kamfanoni suna biyan gwanaye kuɗi masu yawa domin su zaɓa musu suna, su zana musu lamba, su shirya musu kalmomin da za su zauna a zuciyar mai saye, har ya ga kamar ba su da na biyu. Shi ya sa mu ke so mu yi tunani tare a kan wata tambaya. Har ina ya halatta mutum ya tura sunansa gaba, ya bar kayansa a baya? A wane wuri ne yabon kaya ya ke ƙarewa, ruɗi ya soma?

Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki labarin wani kamfani na ƙasar Amurka, wanda an riga an yi shari'arsa a gaban jama'a.

Yadda Aka Gina Sunan

Cikin shekara ta 2003 wata yarinya mai suna Elizabeth Holmes, tana da shekara 19, tana karatu a jami'ar Stanford ta jihar Kalifoniya, ta kafa wani kamfani wanda daga baya aka sa masa suna Theranos. Ba da jimawa ba ta bar karatun ta rungumi kamfanin. Abin da ta ce za ta yi abu ne mai kyau ƙwarai. Kowa ya san yadda a ke ɗiban jini a asibiti: a ɗaure dantse, a nemi jijiya, a soka allura, a cika kwalba ɗaya ko biyu, sa'an nan a jira kwanaki. Ita kuwa ta ce tana da wata ƙaramar na'ura wadda za ta yi gwaji iri iri da ɗan ɗigon jinin da a ke matsowa daga kan yatsa, cikin sauri, da kuɗi kaɗan. Ta kan ba da labari cewa ita kanta tana jin tsoron allura tun tana ƙarama. Wa zai ji wannan ya ƙi yin murna?

Aka gina sunan da gwaninta. Aka kira na'urar Edison, watau sunan mutumin nan da ya shahara wajen ƙago sababbin abubuwa. Ita Holmes ta riƙa sa baƙar riga mai dogon wuya, irin wadda Steve Jobs na kamfanin Apple ya ke sawa, har wanda ya gan ta ya kan tuna da shi. Aka ɗauki kamfanin talla wanda ya taɓa yi wa Apple aiki. Aka cika majalisar kamfanin da manyan dattawan ƙasa: George Shultz da Henry Kissinger, waɗanda dukansu biyu sun taɓa riƙe ministan harkokin waje, da William Perry tsohon ministan tsaro, da Janar James Mattis. Cikin 2013 Walgreens, babban kamfanin kantunan magani, ya soma buɗe wuraren ɗiban jini na Theranos a cikin kantunansa, har suka kai wajen 40 a jihar Arizona. Cikin 2014 aka ƙiyasta darajar kamfanin dala biliyan 9, watau miliyan dubu 9, rabinsa kuwa nata ne. Aka buga hotonta a bangon manyan mujallu kamar Fortune da Forbes. Masu kuɗi suka zuba fiye da dala miliyan 700.

Abin Da Ke Cikin Buhun

To, ina kayan? Kamfanin yana tallan gwaji fiye da iri 200, amma na'urarsa kamar 12 kaɗai ta ke iya yi, waɗannan ma ba kullum ta ke faɗin daidai ba. Sauran a ɓoye a ke yinsu da na'urorin da aka sayo daga wasu kamfanoni kamar Siemens. Tun da shi ke ɗigon yatsa bai isa waɗannan na'urori ba, sai a kan sirka jinin domin ya yi yawa, sirkawar kuwa tana ƙara kuskure. An gaya wa masu zuba jari cewa sojan Amurka suna aiki da na'urar a fagen yaƙi a Afganistan, alhali ba a yi haka ba. An gaya musu cinikin shekara ta 2014 zai wuce dala miliyan 100, alhali abin da ya shigo dala 100,000 ne da 'yan kai. Har wa yau an ɗauki tambarin Pfizer, babban kamfanin magani, an manna a kan rahoton da Theranos ta rubuta da hannunta, mai karatu ya ɗauka Pfizer ce ta gwada ta yarda. A gaban shari'a Holmes ta amsa cewa ita ce ta sa tambarin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin watan Fabrairu 1915 ba a san da wannan kamfani ba, amma shekara ɗari bayan haka, cikin Fabrairu 2015, wani shehun malami na Stanford mai suna John Ioannidis ya rubuta a mujallar likitocin Amurka cewa kamfanin bai shimfiɗa bincikensa a gaban masana su duba ba, yadda aka saba. Cikin Oktoba na shekarar John Carreyrou na jaridar Wall Street Journal ya tona asirin. Cikin 2016 hukumar da ke duba ɗakunan gwaji ta ce ɗakin gwajin kamfanin haɗari ne ga lafiyar majinyata, kamfanin kuwa ya soke sakamakon gwajin Edison na shekara biyu. Mujallar Forbes, wadda ta ce dukiyar Holmes ta kai dala biliyan 4 da rabi, ta sake lissafi ta ce ba ta da ko anini. Kamfanin ya rushe cikin 2018. Ran 3 ga Janairu 2022 aka same ta da laifi huɗu na zambatar masu zuba jari, aka yanke mata ɗaurin shekara 11 da wata 3, ta shiga kurkuku a jihar Teksas cikin watan Mayu 2023. Abokin aikinta Ramesh Balwani ya sami kusan shekara 13.

Suna Bashi Ne

Yanzu sai mu koma kan tambayarmu. Mene ne suna a cikin ciniki? Mu kan ce suna linzami ne, gaskiya ne kuwa, amma a kasuwa suna bashi ne. Ba mai iya gwada dukan abin da ya ke saye. Uwa ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin kwalbar maganin da za ta ba ɗanta. Majinyaci ba ya iya buɗe na'ura ya ga ko tana aiki. Saboda haka suna ya kan tsaya a maimakon idon mai saye. Ranar da mai kaya ya buga lambarsa a kan buhu, kamar ya ce ne, "Ba sai ka kwance ba, ka yarda da ni." Mai saye ya ba da yardarsa tun yau, mai kaya zai biya da nagartar kayan gobe.

Wannan ya nuna mana dalilin da ya sa babban suna a kan buhun wofi ya fi mugun kaya muni. Idan an baza ruɓaɓɓen tumatir a faranti, mai saye yana gani, ya taya yadda ya ga dama ko ya wuce. Amma wanda aka ce masa ya rufe ido saboda suna, an ƙwace masa makamin da zai tsare kansa da shi, sa'an nan aka cuce shi. An ci kuɗinsa, an kuma ci amanarsa.

Kada fa a ce mun hana gyaran kaya. Mai nono ta kan wanke ƙwaryarta tas, mai goro ya kan yayyafa ruwa a kan huhunsa, tela ya kan rataye ɗinkin da ya fi kyau a ƙofar shagonsa. Ba laifi cikin wannan, gama abin da ido ya gani shi hannu zai ɗauka. Kaya mai kyau wanda ba a yi masa talla ba ya kan kwana a rumfa, mai bukatarsa yana can bai sani ba. Laifi yana somawa ne a inda saman kwando ya bambanta da ƙasansa.

Wata Gardama Mai Nauyi

Akwai masu cewa, "Ai kowane mai fara abu sai ya yi magana kafin ya nuna. Manomi ya kan karɓi iri bashi a kan hatsin da bai shuka ba tukuna. Magini ya kan karɓi kuɗi kafin ya haƙa tushe. Da kowa zai yi shiru sai ya gama, da ba a ƙago kome ba a duniya, gama sabon abu kuɗi ya ke ci kafin ya kawo kuɗi." Lauyoyin Holmes ma abin da suka riƙe ke nan a gaban shari'a: cewa ta gaskata da aikinta da zuciya ɗaya, ta ba shi shekara 15 na ƙuruciyarta, kasawa kuwa ba laifi ba ne. Bai kamata mu yi wa wannan magana dariya ba. Gaskiya ne kasawa ba zamba ba ce. Mutane da yawa sun karɓi jari da niyya mai kyau, ciniki ya karye, ba wanda ya ce musu ɓarayi. Mai yiwuwa ne ma ita Holmes ta sa rai da gaske cewa wata rana na'urar za ta yi aiki.

Amma mu lura da tazarar da ke tsakanin "za mu yi" da "mun yi". Kalmomi ne ƙanana, amma a tsakaninsu iyakar ta ke. Manomin da ya ce, "Ba ni iri, in damina ta yi kyau zan biya," ya faɗi gaskiya, mai ba da bashi kuwa ya san har da fari a cikin lissafin. Wanda ya jera buhunan ƙaiƙayi a rumbu ya ce gero ne, ya karɓi kuɗi a kansu, ko da yana da niyyar cika su da gero in kaka ta yi, ya riga ya yi ƙarya yau. Niyyar gobe ba ta wanke maganar yau. Da Theranos ta ce, "Muna ƙoƙari, gwaji 12 mu ke iya yi yanzu, muna sa rai mu kai 200," da wanda ya ba da kuɗinsa ya san a kan me ya ba da. Watakila da kuɗin bai kai miliyan 700 ba, da hoton bai hau bangon mujalla ba. Wannan ragin kuwa shi ne farashin gaskiya, shi ne kuma abin da aka ƙi biya.

Har wa yau sai mu tambaya, wa zai ɗauki hasarar in abin bai yi ba? Mai kuɗin da ya zuba jari a sabon kamfani ya san kasada ya ke yi. Amma tsohuwar da ta shiga kantin magani ta miƙa yatsarta ba ta shiga wata kasada da saninta ba. Likitanta zai duba takardar ya ƙara mata magani ko ya rage. A wurin shari'ar wata mace ta ba da shaida cewa gwajin Theranos ya nuna kamar cikinta yana zubewa, alhali lafiya lau ya ke, ta kuwa haifi 'yarta lafiya. Wata kuma takardarta ta nuna alamar cutar ƙanjamau, da aka sake gwadawa a wani wuri aka ga babu. Mu yi tunanin kwanakin da waɗannan mata suka yi ba barci. Mutanen da aka zaɓo daga cikin jama'a su saurari shari'ar sun wanke Holmes daga tuhumar da ta shafi majinyata, ko da shi ke an kama Balwani da ita. Shari'a tana da ma'auninta, ba mu ja da ita ba. Amma a ma'aunin lamiri, hawayen waɗannan mata bai fi kuɗin attajirai sauƙi ba.

Suna Mai Cin Kayan Gida

Wani abin lura shi ne, sunan da ya fi kayansa girma sai an yi ta ciyar da shi kullum, abincinsa kuwa shi ne ƙarfin da ya kamata a sa wajen gyaran kayan. A Theranos an hana ma'aikatan wani sashe sanin abin da wani sashe ke yi. An sa su rattaba hannu a takardun rufe baki. Wanda ya ce na'urar ba ta aiki sai a ɗauke shi maƙiyi. Aka ɗauko manyan lauyoyi suna bin waɗanda a ke zato sun yi magana da ɗan jarida. Kullum a kan ce asirin sana'a a ke tsarewa. Gaskiya ne mai sana'a yana da ikon ɓoye yadda ya ke haɗa kayansa. Mai kilishi ba dole ya faɗi abin da ya zuba cikin tsominsa ba. Amma in ya hana ka ɗanɗana, ya ce ɗanɗanon ma asiri ne, ka san akwai magana.

Saboda haka ga wata alama da za mu iya riƙewa. In muna so mu san ko akwai kaya a bayan suna, mu duba abin da ke samun mai tambaya. Inda kaya ya ke, a kan ce masa, "Zo ka gani." Inda babu, a kan tambaye shi ko shi wane ne da zai yi shakka.

Masu Ba Da Aron Suna

Laifin bai tsaya kan mai kamfani kaɗai ba. Ta yaya dattawa masu hankali, waɗanda suka yi shawara da sarakunan duniya, suka shiga wannan rami? Yawancin mutanen majalisar nan gwanayen mulki ne da yaƙi, gwajin jini ba fanninsu ba ne. Wannan ya ga wancan a zaune, ya ce ai wancan ba zai zauna a banza ba. Mai kuɗi ya ga dattawa, ya ce ai sun bincika. Mai kantin magani ya ga masu kuɗi, majinyaci ya ga kantin da ya saba da shi tun yana yaro. Kowa ya jingina da na kusa da shi, babu wanda ya jingina da bango.

Abin tausayi a cikin labarin shi ne na gidan Shultz. Jikansa Tyler, saurayi wanda ya karanta ilmin halittu, ya kama aiki a kamfanin cikin 2013, ya ga da idonsa yadda gwaje-gwajen ke faɗuwa. Ya kai kuka wurin shugabanni aka tsawata masa, ya bar aikin cikin 2014. Ya je ya gaya wa kakansa, wanda a lokacin ya haura shekara 90, kakan bai gaskata shi ba. Iyayen yaron suka kashe fiye da dala 400,000 wajen lauyoyi domin su tsare shi. Wata abokiyar aikinsa, Erika Cheung, ita ma sabuwar fita daga jami'a, ta rubuta wa hukuma takarda, takardar kuwa ta taimaka aka zo bincike. Daga baya tsohon ya gane, ya yaba wa jikansa a fili. Amma mu dubi wannan abu da kyau: dattijo ya riga ya ba da aron sunansa, saboda haka yarda da jikansa ta zama daidai da amsa cewa an ruɗe shi. Wanda ya ba da aron sunansa ya kan zama mai gadin ƙaryar ba da saninsa ba.

Sai dai akwai wanda ya yi abin kirki a nan. Rupert Murdoch, mai jaridar da ta tona asirin, ya zuba dala miliyan 125 a Theranos. Holmes ta roƙe shi ya hana a buga labarin, ya ƙi, ya bar wa editoci aikinsu. Kuɗinsa ya tafi, labarin ya fito.

Mu Fa?

Kada mu ce wannan labarin masu biliyoyi ne a wata ƙasa mai nisa. Wanda ya rubuta "Babban Asibiti" a ƙofar ɗaki biyu da babu likita a ciki, da wanda ya kafa allo mai ƙyalli a gaban makarantar da malamanta ba su iya abin da su ke koyarwa ba, da wanda ya zuba mai mara kyau a galan mai sananniyar lamba, dukansu hanya ɗaya su ke bi da Theranos, kuɗin ne kawai ya bambanta. Ɓarnarsu kuwa ba ta tsaya kan wanda suka cuta ba. Duk sa'ad da wani suna ya fashe aka ga wofi, mutane su kan rage yarda da sauran sunaye, har mai gaskiya ya sha wahalar sayar da kayansa saboda laifin maƙwabcinsa.

In mu masu sayarwa ne, ko masu wata sana'a, mu auna maganar da ke kan allonmu da abin da ke cikin ɗakinmu. In allon ya fi, abu biyu ne: ko mu ƙara kayan, ko mu rage allon. Rage allo da zafi, gama maƙwabci zai ga kamar mun koma baya. Amma wanda ya ce, "Wannan ban iya ba, je wurin wane," ya rasa cinikin rana ɗaya ne, mutumin kuwa zai komo da abin da aka iya, har ya jawo ɗan'uwansa.

In mu masu saye ne, mu koyi tambaya ba tare da jin kunya ba. Wa ya gwada wannan? Shi wanda ya gwada, ya san aikin? Yana da rabo a cikin cinikin? Gani ya kori ji.

In kuwa Allah ya ba mu girma a cikin jama'a, har a kan zo neman sa hannunmu a takardar shaida, ko a roƙe mu mu zauna a kujerar gaba ranar buɗe wani wuri, mu tuna mutane za su rufe idonsu saboda sun gan mu a wurin. Kafin mu ɗauki alƙalami, mu shiga ciki mu duba. In abin ba fanninmu ba ne, mu nemi wanda ya sani ya raka mu. In kuma wani yaro daga cikin ma'aikatan wurin ya zo mana da magana mara daɗi, mu ba shi tabarma ya zauna, mu ji ta bakinsa har ƙarshe.